A Dasa Yanzu Ko a Jira Hunturu Ya Wuce? Zaɓin Mai Lambu a Farkon Kaka

Da zarar zafi ya fara sassautawa, dare ya soma yin tsawo, mai lambu yakan tsinci kansa a gaban wata tambaya da ke dawowa kowace shekara. Ga gurbin da ya daɗe yana son saka tuffa ko lemu, ga fangalin furanni ya cunkushe yana neman a rage masa, ga kuma dashe kore shar a hannun masu reno. Shin ya haƙa rami yanzu, ko ya haƙura sai hunturu ya wuce? A arewacin duniya wannan lokaci yana kamawa ne a watan Satumba, a kudancinta kuma a watan Maris, amma tambayar duk ɗaya ce.

Ni dai a ganina, ga mafi yawan lambuna dashen kaka ya fi. Sai dai akwai wurare da kuma itatuwan da dasa su a wannan lokaci daidai yake da kashe su, don haka bai kamata a ɗauki maganar a dunƙule ba.

Abin da ya ba kaka fifiko yana ƙarƙashin ƙasa ne, inda ido ba ya kaiwa. Iska ce ke fara yin sanyi, ƙasa kuwa tana riƙe ɗumin da ta sha tsawon watannin zafi har na wasu makonni. Saiwar itatuwan da ke zubar da ganye tana ci gaba da miƙewa muddin ɗumin ƙasa bai sauka ƙasa da digiri 5 zuwa 7 a ma'aunin Selsiyos ba. A daidai wannan lokaci ganye ya rage shan ruwa, toho ya tsaya, itacen ya juya abincin da ya tara yana sauke shi zuwa kututture da saiwa. Ke nan dashen da aka saka yanzu ba shi da wani aiki sai kama ƙasa. Kafin a ce ya fitar da ganye ɗaya a shekara mai zuwa, ƙananan saiwoyinsa sun riga sun fita daga dunƙulen ƙasar da aka kawo shi da ita sun shiga ta lambu.

Dashen bayan hunturu akasin haka yake. Iska ta yi ɗumi, ƙasa na nan da sanyinta. Toho yana fashewa da abincin da ke ajiye a reshe, ganye ya buɗe yana neman ruwa, alhali saiwar da za ta kawo ruwan ba ta kama ba tukuna. Bayan wata biyu ko uku kuma zafi ya sauko. Shi ya sa irin wannan dashe yake cin ban ruwa sosai a shekararsa ta farko, kuma mako guda na sakaci ya isa ya sa ganyensa ya yanƙwane.

Idan haka ne, me zai sa mutum ya jira? Amsar tana cikin abin da ke biyo bayan kaka a inda kake zaune, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Inda hunturu yake da sauƙi, ana ɗan ruwa jefi-jefi, ƙasa ba ta daskarewa ko kuma sama-sama take daskarewa, babu ma abin tsayawa tunani. A dasa yanzu. Sama za ta ɗauke maka rabin ban ruwa, saiwa kuma za ta yi ta aiki kusan duk tsawon hunturu.

Inda ƙasa take daskarewa ta yi tauri na watanni, lissafin ya zama na kwanaki. Dashe yana bukatar kamar makonni shida tsakanin ranar da aka saka shi da ranar da ƙasa za ta daskare. Idan ka san lokacin da hakan ke faruwa a wurinku, ka ƙirga baya. In makonni shidan sun samu, ka dasa itace mai jure sanyi, in ba su samu ba, ka bari. Haɗarin ba sanyin kaɗai ba ne. Ƙasa mai danshi idan tana daskarewa da dare tana narkewa da rana, kumbura take yi tana saki, har ta turo ƙaramin dashe sama ta bar saiwarsa a fili. Sannan ɓeraye da zomaye, da abinci ya yi musu ƙaranci, ɓawon ƙaramin itace suke komawa ci, kuma in suka zagaye kututturen da cizo shi ke nan, hanyar abinci tsakanin ganye da saiwa ta yanke. Raga ta waya a kewayen gindi tana maganin wannan, amma sai an tuna an saka.

Akwai kuma wuraren da abin da ke bin kaka ba ƙanƙara ba ce, rani ne: ruwan sama ya ɗauke, busasshiyar iska ta taso, watanni su shuɗe ba ɗigo. A nan mutane da yawa suna ruɗuwa, don a farkon kaka ƙasa tana nan da laima, haƙa yana da daɗi, dashe yana yin kyau a makonnin farko. Laimar nan ba ta daɗewa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, kana da ruwan da ba ya yankewa, da kuma wanda zai zuba shi sau biyu ko uku a mako har damina ta dawo? In kana da su, dashen wannan lokaci yana da kyau ƙwarai, domin sanyin farkon rani yana ba itace sararin kama ƙasa ba tare da ƙunar rana ba, cututtukan fumfuna ma sun ragu. In ba ka da tabbacin ruwa, ka jira damina ta zauna sosai, ba yayyafin farko ba. Itacen da ƙishirwa ta galabaitar shi gara take fara nema.

Sai kuma irin itacen kansa, domin ba duka suke amsa kaka iri ɗaya ba.

Tuffa da ceri da sauran masu zubar da ganye su yi barci a hunturu, su ne suka fi cin moriyar dashen kaka. Lemu da mangwaro da gwaba da gwanda kuwa ba sa barci. Ganyensu yana nan yana fitar da ruwa ko da saiwa ta tsaya saboda sanyi, kuma ba su da juriyar ƙanƙara. Ƙaramin mangwaro yana iya mutuwa idan sanyi ya ɗan sauka ƙasa da digiri sifili, ƙaramin lemun tsami ma digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili sun isa su ƙone masa ganye da ƙananan rassa. Duk inda ake ganin raɓa ta daskare a kan ciyawa da safe, ko da sau kaɗan ne a shekara, waɗannan sai bayan hunturu. Ɓaure da rumman suna tsakiya: babbansu yana jure sanyi mai ɗan tsanani, ƙaraminsu ba ya jurewa, don haka a wuri mai ƙanƙara zan jira da su, a wuri mai sauƙin hunturu kuma zan dasa su yanzu.

Bari in ɗan ratse kan tuffa, don lokacin dashe ba ya gyara kuskuren zaɓen iri. Tuffa ba ta yin fure yadda ya kamata sai ta sha sanyi na wasu sa'o'i ƙasa da digiri 7. Irinta da yawa suna neman sa'o'i 800 zuwa 1,000, amma irin da ake kira Anna yana wadatuwa da 200 zuwa 300, shi ya sa ake shuka shi a wurare masu ɗumi. Yawancin tuffa kuma ba sa yin 'ya'ya sosai su kaɗai, sai da wani iri daban a kusa wanda yake fure lokaci ɗaya da su. Wanda yake da gurbin itace ɗaya tak ya tambayi wannan kafin ya saya.

Ƙasar lambu ma tana da ta cewa. Jigawa mai tsane ruwa da wuri ba ta da matsala da dashen kaka. Yumɓu mai riƙe ruwa shi ne abin tsoro a inda ake ruwa a hunturu, domin saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, kuma ramin da aka haƙa a yumɓu yakan zama kamar tulu, ruwa ya taru ya zauna, saiwa ta ruɓe tun ba ta fara aiki ba. Da yawan dashen da ake cewa sanyi ne ya kashe shi, ruwa ne ya shaƙe shi.

Wani abu da kan karkatar da zaɓin shi ne yadda dashen yake zuwa. A farkon kaka abin da za ka samu shi ne wanda aka rena a leda ko a tukunya. Wanda ake tonowa da saiwa tsirara, ba ƙasa a jikinta, ba ya fitowa sai ganye ya gama zuba, wato daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu. Na leda yana da daɗin sha'ani, ba ya jin jiki sosai idan aka dasa shi, amma a duba shi da kyau: wanda ya kwana watanni a ƙaramar leda saiwarsa takan nannaɗe tana zagaya kanta, kuma in ba a warware ta ko an ɗan tsaga gefenta ba, haka za ta ci gaba da zagayawa a cikin rami har ta shaƙe itacen bayan shekaru. Mai saiwa tsirara ya fi yawan iri, saiwarsa kuma a baje take. Idan irin da kake so sai a cikin waɗannan ake samunsa, jiran wata biyu ba asara ba ne. Ko wanne ka ɗauka, ka nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani dashe. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa yakan kai 5 zuwa 8, kuma ba lalle 'ya'yansa su yi kama da na uwar ba.

Dasawar kanta ba ta da wani sirri. Rami ya ninka dunƙulen saiwa sau biyu ko uku a faɗi, amma kada ya fi shi zurfi. Gaɓar aure ta zauna a sama da ƙasa. A mayar da ƙasar da aka tono, a danna ta a hankali, a shayar da ita ta ƙoshi. Sannan a shimfiɗa busasshen ganye ko ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a kewaye, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture, don in ya manne da ɓawo yana jawo ruɓa da ɓeraye da gara.

A ɓangaren furanni zaɓin ya fi sauƙi, don wasunsu ma sun yanke maka hukunci da kansu. Furannin da ke fitowa daga wani dunƙule mai kama da albasa su buɗe da zarar hunturu ya wuce, irin su dafodil da tulif, ba a jira da su. Sai albasar ta kwana a ƙasa mai sanyi na makonni 12 zuwa 16 kafin furen da ke cikinta ya iya fitowa. Dafodil ne ake fara sakawa, tun farkon kaka, saboda yana fitar da saiwa da wuri. Tulif ya fi son a ɗan jinkirta sai ƙasa ta yi sanyi sosai, hakan yana rage masa cutar fumfuna. Zurfin ramin ya kai tsawon albasar sau uku, tsininta yana kallon sama. A wuri mai ɗumi yawancin waɗannan ba sa fure sai an ajiye albasar a firji na wannan adadin makonni, kuma kada a haɗa ta da tuffa a ciki, don iskar da nunanniyar tuffa ke fitarwa tana lalata furen tun yana cikin albasa. Gaskiya wahalar ta fi ribar yawa a irin wannan wuri. Gara a ba gurbin ga furen da ke son zafi.

Furanni masu daɗewa shekara da shekaru, waɗanda gindinsu ke yaɗuwa har tsakiyarsa ta mutu, suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: wanda ya gama furensa tun bayan hunturu ko a farkon zafi a raba shi yanzu, wanda yake fure yanzu a bar shi sai bayan hunturu. Dalilin shi ne tsiro ba ya iya ciyar da fure da sabuwar saiwa a lokaci guda. Idan za a raba, a tono gindin gaba ɗaya, a yar da tsakiyar da ta tsufa, a mayar da gefe-gefen masu ƙarfi, a shayar da su a ranar. Daliya kuwa a ƙyale ta tana furenta. Sai sanyin farko ya baƙanta ganyenta sannan a tono dankalinta a ajiye, in wurin mai ƙanƙara ne.

Zinniya da marigol, dare ɗaya na ƙanƙara yake gamawa da su, don haka a wuri mai sanyi aikinsu yanzu shi ne a bar wasu kawunan su bushe a tara iri. A lura, irin da aka saya da alamar F1 a jikin takardarsa ba ya maimaita kamanninsa idan aka tara irinsa aka sake shukawa. A wurin da rani ne ke tafe, ga kuma ruwa, yanzu ne ma ya dace a shuka su, don sun fi yin kyau a sanyin rani fiye da cikin ruwan damina mai ruɓar da ganye.

Wardi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi ne furen da aka fi cutarwa da kyakkyawar niyya. Wanda ke cikin tukunya ana iya dasa shi yanzu kamar tuffa. Amma wanda yake a ƙasa tuntuni, mutane kan ga ya yi buzu-buzu bayan zafi sai su aske shi ƙasa-ƙasa, su bi shi da taki. Sakamakon shi ne toho mai laushi, ja-ja, wanda ba zai samu lokacin yin ƙwari ba kafin sanyi ya ƙone shi. Abin da yake bukata kaɗan ne: a daina ba shi taki mai sa ganye makonni 6 zuwa 8 kafin sanyin farko, a rage dogayen rassan da iska za ta riƙa kaɗawa tana girgiza saiwa, a kwashe ganyen da ke da baƙaƙen ɗigo daga jikinsa da kuma ƙasa. Cutar a cikin wannan ganye take kwana har shekara ta zagayo, don haka kada a zuba shi a ramin taki. Babbar datsa sai ƙarshen hunturu.

Wannan ya kawo ni ga ayyuka biyu da ni a wurina jira ya fi a kansu kusan ko'ina: datse itatuwa da zuba takin zamani. Datsa tana ta da itace ya yi sabon toho a lokacin da ya kamata ya kwanta. Raunin da aka yi masa yanzu yana jinkirin warkewa, ga kuma ƙwayoyin fumfuna sun cika iska a kaka. Kowane itace da lokacinsa: tuffa da inabi a tsakiyar barcinsu na hunturu, ceri a lokacin zafi, lemu bayan haɗarin ƙanƙara ya wuce, mangwaro da zarar an gama tsinke 'ya'yansa. Abin da za a cire yanzu ba tare da jira ba shi ne reshen da ya mutu, ko ya karye, ko ya kamu da cuta, da kuma tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure, don wannan in aka bar shi yakan rinjayi irin da aka aura.

Taki ma haka. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, mai sa ganye, ko NPK 15-15-15 ma yana ɗauke da rabonsa. A farkon kaka ba ganye ake nema ba. Ruɓaɓɓen takin gargajiya da aka shimfiɗa a sama ya fi dacewa, don a hankali yake sakin abincinsa, yana kuma gyara ƙasar kanta. Ɗanyen kashin dabbobi dai kada ya taɓa saiwa, yana ƙonewa. Babban mangwaro ma misali ne mai kyau: bushewa da ɗan sanyin da ke biyo bayan damina su ne suke sa shi fure, kuma wanda ya ci gaba da shayar da shi yana zuba masa yuriya a wannan lokaci, ganye zai samu maimakon 'ya'ya. Boganbiliya ma sai ta ɗan ji ƙishirwa take rufe kanta da launi. Ƙaramin dashe yana son ruwa a kai a kai, babban itace yana son a ɗaga masa ƙafa. Kuskure ne a yi musu ban ruwa iri ɗaya don kawai suna lambu ɗaya.

Aikin da babu zaɓi a cikinsa shi ne kwashe 'ya'yan da suka faɗi. Tsutsar da ke cikin ruɓaɓɓiyar gwaba ko mangwaro ko lemu tana fita ta shige ƙasa, ta rikiɗe ta dawo ƙuda ta sake hudo wasu. A tsince su duk bayan kwana biyu, a ɗaure a baƙar leda a bar su a rana na wasu kwanaki, ko a binne su da zurfin rabin mita. Waɗanda suka bushe suka maƙale a reshe ma a cire su, su ne ke riƙe cutar ruɓa zuwa baɗi.

Wanda lissafinsa ya nuna masa jira, kakar ba ta wuce shi a banza ba. Ya share ciyawa a da'ira mai faɗin mita ɗaya a gurbin da ya zaɓa, ya shimfiɗa taki a kai, tsutsotsin ƙasa su yi ta ja da shi ciki. Ya gwada yadda wurin ke tsane ruwa: ya haƙa rami mai zurfin santimita 30, ya cika shi da ruwa, in ya tsane ya sake cikawa. Idan washegari ruwa na nan kwance, to, wurin yana bukatar a tara ƙasa a yi tudu a dasa a kai, ko a canza gurbi. Ya kuma auna tazara tun yanzu da babu ganyen da zai ruɗe shi, don mangwaro yana neman mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, kuma bai dace da jikin bango ko kusa da bututun ruwa ba. In kuma ya riga ya sayi dashen lemu ko mangwaro a leda, ya mayar da shi tukunya mai ɗan girma, ya ajiye shi inda rana ke shiga amma iska ba ta bugawa, ya riƙa shayar da shi sai saman ƙasar ya bushe, ya shigar da shi ƙarƙashin rufi duk daren da ake sa ran ƙanƙara.